Yadda Ake Haɗa Ayarin Gudun Karɓa-karɓa a Zariya

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, wasa ne na kaɗaici, domin mai gudu shi kaɗai yake jin abin da ƙirjinsa da gwiwoyinsa ke faɗa masa. Amma akwai wani nau'insa da ake yanka doguwar hanya zango-zango, kowa ya ɗauki rabonsa ya miƙa wa na gaba alama, har a isa ƙarshe da lokaci guda ɗaya wanda za a rubuta da sunan ƙungiya. Na rubuta wannan jagora ne domin samari da magidantan Zariya da suka saba fita motsa jiki bayan sallar asuba, a Samaru ko Sabon Gari ko Tudun Wada ko cikin birni, waɗanda ke son su mayar da fitar tasu aikin gayya. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina shirya irin wannan gudu da abokaina shi ne, raunin ƙafa bai cika kayar da ƙungiya ba. Inda ake faɗuwa shi ne wurin miƙa alama, da cikin motar rakiya, da kuma abin da baki ke furtawa bayan an gama.

Mutanen Japan su ne suka fi kowa riƙo da wannan wasa. Sun fara shi a 1917 da wani gudu daga Kyoto zuwa Tokyo, tafiyar fiye da kilomita 500 da aka raba zango 23, aka yi kwana uku ana yinta dare da rana. Sunan da suka ba shi, ekiden, ya samo asali daga tsarin manzannin da, masu sauya dawaki a tashoshin hanya. Mafi shahara a yau shi ne na Hakone, wanda ɗaliban jami'o'i ke yi tun 1920, yanzu kuma ana yinsa a ranakun 2 da 3 ga Janairu, zango goma, kimanin kilomita 217 zuwa da dawowa. Ba sanda suke miƙawa ba kamar masu tseren karɓa-karɓa na mita 400, wani ƙyalle ne da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, wanda a nan zan riƙa kira ɗamara. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja da ayari sun san zango, sun san madugu, sun kuma san cewa ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi kowanne nauyin kaya. Da kalmominsu zan yi bayani.

Tara mutane

Tsarin da ya fi dacewa da masu farawa shi ne na nisan famfalaki, wato kilomita 42.195, a raba wa mutum shida kamar yadda aka saba a duniya: kilomita 5, sai 10, sai 5, sai 10, sai 5, sannan 7.195 na ƙarshe. Saboda haka ana bukatar masu gudu shida da 'yan ko-ta-kwana biyu, sai direba, da mai agogo, da mai babur. Mutum goma sha ɗaya ke nan, kuma biyar ɗin da watakila ba za su rataya ɗamara ba su ma 'yan ƙungiya ne cikakku, a lissafin kuɗi da wurin cin abinci da hoto.

Kada a fara zaɓe da tambayar wa ya fi gudu. A kira atisaye ƙarfe shida na safe sau huɗu a jere, a zura ido a ga wanda zai zo duka huɗun ba tare da an buga masa waya ba. Gwani mai latti ya fi raggo mai cika alkawari cutar da ayari, domin rashin saurin raggo abu ne da ake iya sa shi a lissafi tun farko, lattin gwani kuwa ba a san ranar da zai faɗo ba. Bayan haka sai maganar lafiya, wadda ya kamata a yi ta a fili ba tare da kunya ba. Mai sikila, ko asma, ko hawan jini, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yana cikin gudu, da duk wanda ya haura shekara arba'in bai saba motsa jiki ba, ya ga likita kafin a sa sunansa. Wanda likita ya hana gudu sai a ba shi agogo ko asusu.

A zama na farko a naɗa madugu da ma'aji. Madugu ba lallai ne ya zama mafi gudu ba, kuma a ganina gara ma kada ya zama, domin mai sauri yakan auna kowa da ma'aunin ƙafarsa. A nemi mai haƙuri wanda ake jin maganarsa, wanda zai iya ce wa babban amininsa ya sauka daga hanya idan ya ga alamar haɗari. Ma'aji kuwa ya riƙa rubuta karo-karo a littafi, na man mota da ruwa da ɗinkin ɗamara da abinci, ya kuma karanta shi a gaban kowa, saboda naira dubu ɗaya da ba a san inda ta shiga ba ta isa ta raba abokan shekara goma. Akwai tambaya ɗaya da dole a amsa a wannan zama kafin a tashi: shin nasara muke nema a kan wasu ƙungiyoyi, ko kuwa so muke mu gama tare? Kowace amsa daidai ce, amma idan rabin ayari ya ɗauki ɗaya rabi ya ɗauki ɗaya ba tare da an faɗa ba, rigimar tana nan tana jiran ranar gudu.

Hanya, zanguna da lokaci

Hanya iri uku ce. Ta farko ita ce filin wasa mai da'irar mita 400, inda kilomita 5 ke zama zagaye goma sha biyu da rabi. Babu mota, babu ɓata, kowa yana ganin kowa, sai dai tana da gundura kuma sai an sami mai ƙirga zagaye da ba ya gyangyaɗi. Ƙungiyoyin mata da na 'yan makaranta sun fi samun sakewa a irin wannan wuri. Ta biyu ita ce kewayen kilomita biyu da rabi ko biyar a kan titi mara cunkoso, inda zango ɗaya tal ake bukata, kuma ita nake ba duk masu gudu na farko shawara su ɗauka. Idan a cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello ko wata makaranta za a yi, a rubuta wa hukumar wurin takarda a jira amsa. Ta uku ita ce doguwar hanya daga wani wuri zuwa wani, misali a tashi daga wajen Samaru a ratso gari a ƙare a gindin dutsen Kufena ta Wusasa, ko a ɗaya daga ƙofofin ganuwa kamar Ƙofar Doka. Ita ta fi daɗi, ita ce kuma ta fi cin shiri.

Duk wadda aka zaɓa, a nisanci babban titin Kaduna zuwa Kano saboda tireloli da tankoki, a kuma tsara yadda za a wuce wurare irin Kwangila da PZ tun kafin gari ya cika, ko a kauce musu gaba ɗaya. A auna hanya sau biyu, sau ɗaya da manhajar waya sau ɗaya da mitar babur, idan sun saɓa a sake. Mai gudu ya riƙa bin gefen hagu yana fuskantar motocin da ke tahowa, domin abin da ido ya gani ana iya kauce masa. Kowane zango ya kasance wuri mai filin ajiye mota nesa da kwalta, mai inuwa, mai alamar da ba a rikita ta da wata. “Wajen gidan mai” ba kwatance ba ne a titin da ke da gidajen mai huɗu. A je da ƙafa a gai da mai unguwa, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da jami'an kiyaye haɗura, a faɗa musu rana da sa'a da yawan mutane. Wannan gaisuwa ba ta cin komai, kuma ita ce ke sa 'yan sintirin unguwa su tare maka mararraba maimakon su tare ka da tambaya.

Game da lokaci, tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, saboda sanyin safiyar hunturu, ko da yake ranar da hazo ya yi kauri masu asma su yi hattara. Maris da Afrilu zafi ya yi yawa, damina kuma tana mayar da hanyoyin burji taɓo. Kada a sa gudu cikin azumi, kada a sa ranar Juma'a. Asabar ta fi Lahadi, domin da safiyar Lahadi hanyoyin Wusasa da Sabon Gari da Samaru kan cika da masu zuwa coci, kuma watakila a cikin ayarin ma akwai masu zuwa.

Horo na mako goma sha biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya riga ya saba da sassarfa yana bukatar kimanin mako goma sha biyu, kwana uku ko huɗu a kowane mako. Mafi yawan gudun ya zama mai sauƙi, irin wanda mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da numfashi ya tsinke masa magana ba. Rana ɗaya a mako a yi gudu mai ɗan zafi, misali zagaye biyu na fili da ƙarfi sai ɗaya a hankali, a maimaita sau huɗu ko biyar. Rana ɗaya kuma, wato Asabar, ta zama ta dogon gudu, kuma ita ce ranar da kowa da kowa dole ya hallara. Kada a ƙara nisan mako da fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma a kan na makon da ya gabata, domin ƙashin ƙauri da jijiyar dunduniya ba sa sabawa da wuri kamar huhu. Kwana goma na ƙarshe a rage nisa sosai, a bar jiki ya huta.

Gudun Asabar yana da ƙa'ida ɗaya da ba na sassautawa a kanta: rabin farko kowa yana tafiya da saurin wanda ya fi kowa nauyin ƙafa, sai a rabi na biyu a saki masu sauri, su kuma idan sun kai ƙarshe su juyo su tarye na baya su shigo tare. An ce zumunta a ƙafa take, to a nan maganar ta zama zahiri, domin a wannan sa'a guda ne za ka san wane ne ke yin shiru idan ya gaji, wane ne ke yawan surutu, wane ne zai ce lafiya lau alhali yana ɗingishi. Wannan sani shi zai yi aiki ranar gudu, lokacin da madugu zai dubi tafiyar mutum daga nesa ya gane ko gajiya ce ta kullum ko wani abu ne daban. A mako na huɗu da na tara a yi gwajin kilomita 5 da agogo, a rubuta lokacin kowa a littafi.

Rabon zango

A nan ne abota ke shan gwaji na farko, domin kowa yana da ra'ayi a kan kansa wanda agogo ba ya goyon baya. Maganin gardama shi ne a ajiye littafin gwaji a tsakiya, a yi lissafi a gaban kowa. Ga misali. A ce na farko yana cin kilomita ɗaya a minti shida, zangonsa na kilomita 5 zai ɗauke shi minti 30. Na biyu mai minti biyar zai gama kilomita 10 a minti 50. Na uku mai minti bakwai zai yi 35. Na huɗu mai minti biyar da rabi zai yi 55, na biyar mai minti shida ya yi 30, na ƙarshe mai minti biyar da rabi ya yi kusan 40. Jimla awa huɗu. Idan an tashi 6:30 na safe, miƙa ɗamara zai faɗo a 7:00, da 7:50, da 8:25, da 9:20, da 9:50, a gama 10:30. A rubuta wannan jadawali a takarda a ba kowa kwafi, har da direba, kada a dogara da waya kaɗai domin caji yana ƙarewa.

Duban jadawalin zai nuna abin da ba a gani da ka. Mai zango na huɗu zai yi kilomita 10 ne bayan rana ta ɗaga, saboda haka ba mai sauri kawai ake nema a wurin ba, mai jure zafi ake nema, kuma a ƙara masa minti biyu ko uku a lissafi. Zangon farko na mai natsuwa ne, wanda ihun tashi ba zai ruɗe shi ya ƙone kansa a kilomita ta farko ba. Na biyu a ba gwanin ƙungiya, ya yi dogon nisa cikin sanyi. Na ƙarshe a ba mai taurin rai, wanda zai iya gudu shi kaɗai ba kowa gaba ba kowa baya. Idan hanya tana da hawa, a ba mara nauyin jiki mai gajeren taku. A gudun Hakone zango na biyar hawan dutse ne na fiye da mita 800, kuma jami'o'i kan ware masa mutum na musamman wanda watakila a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba shi ne gwaninsu ba.

Wanda ya fi kowa rauni a sa shi a tsakiya, tsakanin ƙarfafa biyu, da sauran sanyin safiya, a zangon da ya fi shimfiɗa. Kada a sa shi a ƙarshe, inda duk wanda ya wuce shi zai wuce shi ne a idon jama'a. A ayarinmu akwai wani dattijo tela da ya kusa shekara hamsin da biyar, wanda bayan gwaji na biyu ya ja ni gefe yana goge zufa da hularsa, ya ce, “Malam, ku cire ni ku sa yaron nan, kada in ja ku baya.” Na buɗe masa littafi na nuna masa cewa bambancinsa da yaron a kilomita 5 minti huɗu ne, na ce, “Baba, minti huɗun nan mun riga mun sa su a lissafi, kuma tun da muka fara ba ka taɓa sa mu jira ba.” Ya yi shiru, ya mayar da hularsa. Da mun amsa a zama na farko cewa kofi muke nema, da maganarsa ce daidai, kuma da sai a faɗa masa gaskiya cikin mutunci a ba shi agogo. Shi ya sa na ce a yanke wancan hukunci tun kafin a san sunan wanda zai shafa.

Miƙa ɗamara

A ɗinka ɗamara da yadi mara nauyi mai launi mai haske, faɗin yatsu huɗu, da tsawon da za ta zagaye kafaɗa da ƙugu har a sami ragowar da za a soke a wando don kada ta yi ta kaɗawa. Kowane tela a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada zai gama ta a zama ɗaya. A ɗinka guda biyu, ɗaya ta zauna a mota.

Yadda ake miƙawa ba shi da wuya, amma sai an gwada shi a atisaye aƙalla sau uku. Idan ya rage kimanin mita ɗari, mai shigowa ya cire ɗamara ya naɗe ta a hannu, da ya matso sai ya ware ta ya riƙe da hannu biyu a gabansa. Mai karɓa ya tsaya a kan layi yana ɗaga hannu yana kiran sunansa, ya karɓa da hannu ɗaya, ya fara tafiya sannan ya rataya. Wani mutum na uku ya tsaya bayan layi da ruwa da tawul domin ya tare mai shigowa, saboda wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yakan tsaya cak a tsakiyar hanya ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Mai babur ya tsaya kilomita ɗaya kafin zango, da ya ga ɗamara ta wuce ya buga waya.

Ƙa'idar da muka koya da tsada ita ce, mai karɓa ya kasance a zangonsa minti ashirin kafin lokacin jadawali, ya gama ɗumama jiki da zagayawa da ɗaure takalmi, daga minti goma kuma kada ya gusa ko taku ɗaya. A gudunmu na farko gwaninmu ya ji daɗin sanyi ya iso zango na biyu minti huɗu kafin lokaci, ya tarar babu kowa a kan layi. Mai karɓa ya ga akwai sauran lokaci ya tsallaka titi wurin mai shayi. Har yanzu ina ganin wannan bawan Allah tsaye a gefen kwalta, ɗamara a hannu biyu, ƙirji yana hawa da sauka, yana juyawa gabas da yamma yana kiran suna, ga 'yan acaba sun tsaya kallo. Minti bakwai muka yi asara, wato fiye da duk abin da ya sha wahalar tarawa, kuma su biyun sun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Da na zauna na duba, laifin ba na mai shayi ba ne kaɗai. Mu ne ba mu ajiye mai babur ba, ba mu kuma taɓa faɗin minti nawa ya kamata a jira ba.

Mota, ruwa da abinci

Mota ɗaya mai ɗaukar mutum bakwai ta isa idan an haɗa da babur. Aikinta ta kai masu gudu zangunansu ta kwashe waɗanda suka gama, ba ta riƙa bin mai gudu a baya tana tare hanya ba. Direba ya bi hanyar tun kafin ranar, ya cika tanki tun daren, ya san asibiti mafi kusa da kowane zango, ko na koyarwa da ke Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wani ƙarami a unguwa. A cikin mota a sa ruwan leda a cikin kula mai ƙanƙara, da dabino, da ayaba, da kankana, da filasta da bandeji, da man basilin saboda gogar cinya da hammata da kuma tsagewar leɓe a hunturu, da tabarma, da buhun zuba shara don kada a bar wa unguwar mutane ledoji. A haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Daren gudu a ci abin da ciki ya sani, tuwo ko shinkafa, a rage yaji da mai. Da safe masu zangon farko su tsaya a kan shayi da ɗan burodi ko koko mara nauyi awa biyu kafin tashi, ƙosai da fura su jira sai an gama. Masu kilomita 10 a miƙa musu ruwa a tsakiyar zango, su kurɓa gwargwadon ƙishi, domin ɗurawa ciki ruwa fiye da kima shi ma yana da haɗari. Kada kowa ya sa sabon kambas ranar gudu. Takalmin da bai yi mako uku a ƙafa ba bororo zai haifar.

Idan ƙa'idar gudun ta yarda da rakiya, wanda ya huta zai iya shiga ya yi kilomita ta ƙarshe tare da abokinsa, yana gabansa da taku ɗaya. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne: lokacin da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi famfalaki a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a Oktoban 2019, masu gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna share masa iska da riƙe masa sauri. Sai dai a tambayi kowa tun a atisaye irin rakiyar da yake so. Wani yana son a yi ta yi masa kirari, wani kuwa ihu yana dagula masa numfashi, abin da yake so kawai a faɗa masa saura mita nawa, kuma a faɗi gaskiya. Kada a ce wa mai gudu “ka kusa” alhali da sauran kilomita biyu.

Idan abu ya lalace

A yanke tun kafin ranar abin da za a yi idan wani ya kasa. Ɗaurewar tsoka ko ciwon gefen ciki abu ne da ake magancewa da tafiya a hankali na ɗan lokaci, kuma tafiya da ƙafa ba abin kunya ba ne matuƙar ɗamara tana matsawa gaba. Amma wanda ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko amai, ko ya dafe ƙirji, to gudunsa ya ƙare ko da yana rantsuwa zai iya. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita, a nufi asibiti ba tare da jiran a ga yadda za ta kaya ba. Wannan hukunci na madugu ne shi kaɗai, kuma kowa ya amince a gaban jama'a tun a mako na farko cewa ba zai yi masa gardama a kan hanya ba. Mai irin wannan hali ba ya cikin hayyacin da zai yanke wa kansa hukunci, kuma nauyin ɗamara yana sa mutum ya ɓoye abin da da shi kaɗai ne da tuni ya tsaya.

Japanawa suna da wata ƙa'ida da ta cancanci aro. Idan ƙungiya ta yi nisa a baya har ta wuce iyakar lokacin da aka sa, ana sakin mai gudu na gaba da wata ɗamara ta daban ba tare da ya jira ba, domin a buɗe hanya ga motoci. Abin yana yi musu ciwo ƙwarai, amma sauran masu gudu suna samun damar yin zangonsu. Amfanin ɗamara ta biyu da ke cikin mota ke nan: idan na uku ya faɗi, ɗan ko-ta-kwana ya ƙarasa masa idan ƙa'ida ta yarda, idan ba ta yarda ba na huɗu ya tashi da ta biyu, don kada horon mako goma sha biyu na mutum uku ya tafi a banza.

Bayan an gama

Mita ɗari biyu na ƙarshe duk ayari su shiga bayan mai zangon ƙarshe, har da direba da mai agogo, amma kada kowa ya sha gabansa. Daga nan a sha ruwa, a taka a hankali na minti goma, a ci abinci wuri ɗaya a faranti ɗaya. A wannan rana an haramta lissafin wa ya ɓata minti nawa, ko da wasa, domin barkwancin da ake yi wa mai gajiya yakan kwana a zuciyarsa. Wanda ya ji rauni ko ya kasa gamawa, a raka shi har gida, washegari kuma mutum biyu su je duba shi da ƙafarsu, saƙon waya bai wadatar ba.

Zaman bita a bari sai bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da ciwon cinya ya lafa. Madugu ya fara da kurakuransa, mai agogo ya karanta lokacin kowane zango kusa da abin da aka yi hasashe, ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita har ragowar canji. Duk gyaran da aka amince da shi a rubuta shi a matsayin ƙa'ida ba tare da sunan wanda ya jawo ta ba. Tamu ta minti ashirin haka take a littafi, babu maganar shayi a cikinta. 'Yan ko-ta-kwana biyu da ba su yi gudu ba su ne za su fara zaɓar zango a karo na gaba. Sannan a wanke ɗamara, a rubuta shekara da lokacin da aka yi a gefenta da alƙalamin da ba ya gogewa, a ba mutum ɗaya ajiya, a sa ranar Asabar da za a koma fita. Tamu tana shagon dattijon nan tela, rataye a ƙusa a saman kekensa.